Daga Passau Zuwa Vienna a Kan Keke: Yadda Na Zaɓi Hanya Kuma Na Bi Ta

Tun kafin in taɓa sifana ko in duba taya, zaɓen hanya ne ya cinye mini makonni. Hanyoyin da aka tanadar wa masu doguwar tafiya a kan keke suna da yawan da zai ba mutum mamaki. A Turai kaɗai akwai tsarin EuroVelo, wanda Tarayyar Masu Keke ta Turai ke kula da shi, manyan hanyoyi 17 kowace da lambarta, jimillar tsawonsu ya haura kilomita 90,000. A Amurka akwai TransAmerica da aka buɗe a 1976, shekarar da ƙasar ta cika shekara 200 da samun 'yanci. Ta taso daga Astoria a jihar Oregon ta dire Yorktown a Virginia, wajen kilomita 6,800. Koriya ta Kudu ma ta shimfiɗa tata daga Incheon zuwa Busan, kilomita 633, ta kakkafa jajayen rumfuna a bakin hanya inda matafiyi ke tsayawa ya buga hatimi a ɗan littafinsa, shaidar cewa ya wuce ta nan.

Duk na bi su a taswira, kuma kowace na kalla sai in ji ita nake so. Abokin tafiyata, wanda ya girme ni kuma ya daɗe yana wannan harka, shi ya dawo da ni kan abin da ya kamata in duba. Na ce masa, "Yaya, ni fa ta Amurkan nan ce ta kwanta mini." Ya ce in bar kallon tsawon hanya, in buɗe zanen hawa da gangara tukuna.

Wannan zane shi ne abu mafi amfani da na koya karantawa. Kowace hanya da aka tsara da kyau tana da shi: layi ne da ke nuna tudu da kwari daga farko zuwa ƙarshe, tare da jimillar mitocin da mutum zai hau. Kilomita 60 a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa tafiyar hantsi ce zuwa azahar. Kilomita 60 ɗin nan da hawan mita 1,000 a ciki, da kaya a bayan keke, wuni ne cur, kuma washegari gwiwa za ta yi magana. TransAmerica tana ƙetare duwatsun Rocky. EuroVelo 15, wadda ke bin kogin Rhine, tana farawa ne daga Andermatt a can ƙololuwar duwatsun Suwizalan. Ga wanda bai taɓa kwana a hanya da keke ba, waɗannan sai a bar su zuwa gaba.

Bayan hawa sai iska. A tsakiyar Turai iska ta fi kaɗawa daga yamma zuwa gabas, saboda haka wanda ya nufi gabas yakan same ta a bayansa. Sai kuma tambayar da na fi ba muhimmanci a yanzu: nawa ne daga cikin hanyar aka raba da motoci? Ba kowace hanya mai suna da lamba ce ta keke zalla ba. Wasu sassan EuroVelo har yau titin mota ne da aka liƙa wa alama, musamman idan aka gangara gabas. Abu na ƙarshe shi ne mafita. In keke ya lalace ko jiki ya ƙi, akwai tashar jirgin ƙasa kusa?

Da na auna duk wannan, sai zaɓi ya tsaya a kan wani yanki na EuroVelo 6, hanyar da ta taso daga gaɓar Tekun Atalantika a Faransa ta ƙare a Constanța ta Romaniya, a bakin Bahar Aswad, sama da kilomita 4,000. Yankin da muka ɗauka shi ne na kogin Danube daga Passau ta Jamus zuwa Vienna, babban birnin Ostiriya, kilomita 320 da 'yan kai. Passau tana wajen mita 300 sama da teku, Vienna kuma wajen 160. Wato hanyar gangara take a hankali, kogi na tafiya gabas, iska ma gabas. Yawancinta kwalta ce ba mota. Mutane kan yi ta cikin mako guda ba tare da sun wahalar da kansu ba. Wasu ƙwararru na raina ta, suna cewa ta masu koyo ce da tsofaffi. Ni kuwa wannan ne ya ƙara mini sonta, don hanyar da yaro da kakarsa za su iya bi tare ta cika hanya.

Sai aka zo kan keke. Ban sayi sabo ba, kuma ban ga dalilin saye ba. Na kai wanda nake hawa wurin mai gyara na ce masa doguwar tafiya zan yi da kaya. Ya auna sarƙa da wani ɗan ƙarfe ya ce ta miƙe, aka canza, don sarƙar da ta miƙe takan cinye haƙoran giya. Ya sa sabbin robobin birki, ya bi wayoyin wili ɗaya bayan ɗaya yana ɗaurewa, musamman na baya inda nauyi ke zama. Tayoyi na sa masu ɗan faɗi da kauri, irin waɗanda ƙaya da kwalba ba sa saurin hudawa. Aka ɗaura kariya mai ƙarfi a baya.

Sirdi kuwa ni na zauna na daidaita shi da kaina. Ƙa'idar da aka koya mini mai sauƙi ce: ka hau, ka ɗora diddige a kan feda, ka saukar da ita ƙasa. In ƙafa ta miƙe sosai ba tare da ƙugu ya karkata ba, tsayin ya yi. Sirdin da ya yi ƙasa yana cin gaban gwiwa, wanda ya yi sama kuma yana jan bayanta. A tafiyar rabin awa ba za ka ji bambancin ba, amma a wuni na uku a jere za ka ji. Shi ya sa ba a fita doguwar tafiya da sabon sirdi ko sabon takalmi.

Kaya na zuba su a jakunkuna biyu masu hana ruwa shiga, irin waɗanda ake ratayawa a gefen kariya, da wata ƙarama a gaban keke don waya da takardu. Keke mai kaya kamar jaki ne da mangala, in gefe ɗaya ya rinjayi ɗaya tafiya ta ɓaci. Masu nauyi a ƙasan jaka, kusa da wili. Rigar ruwa a sama inda hannu zai kai da sauri. Kayan gyara ba su da yawa: famfo, tif na ajiya, kayan faci, ƙarafan cire taya, ƙaramin makulli mai baki da yawa, da ɗan man sarƙa. Tufafi kala biyu na hawa, a sa ɗaya a wanke ɗaya, da wando mai soso a ciki wanda duk mai doguwar tafiya ya san darajarsa. Tanti mun bar shi. A Ostiriya doka ba ta yarda mutum ya kafa tanti duk inda ya ga dama ba, kuma masaukai sun wadata a hanyar. Akwai ma waɗanda ke ɗauke da tambarin Bett+Bike, alamar cewa suna karɓar mai keke ko na dare ɗaya ne, kuma suna da wurin kulle keke.

Kafin tashi na yi gwaji da kayan duka a kai, kwana biyu a jere kamar yadda Yaya ya nace. Hikimar a kwana na biyu take. Kowa na iya tuƙa kilomita 70 sau ɗaya. Abin da ake son sani shi ne yadda jiki zai karɓi sirdi da safe bayan ya sha shi jiya. A gwajin nan na fahimci birki na ƙara nisa kafin ya tsayar da keke mai nauyi, kuma tashi tsaye a kan feda yana sa bayan keken rawa. Na koyi sauke giya tun kafin in iso hawa, in bar ƙafa tana juyawa da sauƙi maimakon in riƙa dannawa da ƙarfi.

Passau gari ne da koguna uku suka haɗu: Danube, da Inn, da Ilz. In ka tsaya a bakin gaɓa daidai inda suka haɗe za ka ga launinsu daban-daban kafin su gauraya, Inn da ta fito daga duwatsun Alps ruwanta fari-fari mai ɗan kore, Ilz kuma baƙi-baƙi. A jikin hasumiyar ginin hukumar gari an zana layukan da ambaliya ta kai a shekaru daban-daban. Na 1501 ne a sama, na 2013 yana biye da shi kaɗan, kuma dukansu sun fi ƙarfin hannun mutum ya taɓa. Wannan ya shafi mai keke kai tsaye, don hanyar a gaɓar ruwa take. In kogi ya cika akan rufe sassanta, saboda haka duba labarin ruwa kafin tashi wajibi ne.

Hanyar da kanta tana da tarihi. Kafin zuwan jiragen ruwa masu inji, dawaki ne ke jan jiragen kaya su haura kogi, suna tafiya a gaɓa da igiyoyi. Turbar dawakin nan ce aka gyara aka shimfiɗa wa kwalta a wurare da yawa. Shi ya sa ba ta da hawa, kuma shi ya sa take manne da ruwa. Alamomi ba sa yankewa: ƙananan alluna kore, wani wuri da lambar R1, wani wuri da lamba 6 a cikin zoben taurari. Na sauke taswira a waya don ko ba intanet, amma sau da yawa sai in wuni ban buɗe ta ba.

Akwai wasu manyan lambobi a gaɓar kogi da suka ɗaure mini kai a farko, don raguwa suke yi muna tafiya. Na masu jirgin ruwa ne. Danube, mai tsawon kusan kilomita 2,850, ana ƙidaya ta ne daga inda ta faɗa Bahar Aswad zuwa sama. A Passau lambar tana wajen 2,225, a Vienna wajen 1,930. Da na gane haka sai suka zama mini ma'auni, ina kallon su suna sauka ɗaya bayan ɗaya.

Ba da nisa da Passau ba muka iso madatsar ruwa ta Jochenstein, wadda ke kan iyakar Jamus da Ostiriya. Madatsun nan suna da yawa a hanyar, ana samar da lantarki da su, kuma da dama daga cikinsu sun zama gadar masu keke. Wannan ya kawo ni ga shawarar da mutum zai riƙa yankewa kullum: gaɓar arewa ko ta kudu? A mafi yawan wurare duka biyun suna da hanya, amma ba daidai suke ba. Wata ta fi inuwa, wata ta fi garuruwa, wata kan ɗan haɗu da titin mota. Kowane dare mukan zauna mu duba ta gobe, mu san inda za mu ƙetare.

Wurin da ya fi zama mini a rai shi ne Schlögen. A nan kogin ya ci karo da dutsen da ya kasa fasawa, sai ya juya baya gaba ɗaya, ya zagaye wani dogon tudu mai daji, sannan ya sake juyowa. Hanyar gaɓar arewa takan yanke a wannan yanki, dole a shiga jirgin fito. Ƙananan jirage ne na katako da aka yi don masu keke, ka tura kekenka ta kan wani faffaɗan katako, ka jingina shi da na wasu, ka biya 'yan kuɗi a hannu. Muka kulle kekuna a ƙasa muka hau tudun da ƙafa, tafiyar kamar rabin awa cikin itatuwa, zuwa wani dandamali da ake hango lanƙwasar duka. Daga can sama wani dogon jirgin kaya ya shigo kwanar, yana juyawa a hankali har sai da na ga kamar ba zai fita ba, ya fita. Daga nan zuwa Aschach hanyar na ratsa daji a bakin ruwa, babu ƙarar komai sai ta taya a kan kwalta.

Jiragen fiton nan suna da lokaci. Ba duk shekara suke aiki ba, kuma da yamma suna tashi. Wanda ya makara zai iya tarar da masaukinsa na hango shi daga ɗaya gaɓar, gada kuma sai an yi tafiya mai nisa. Haka nan ranar Lahadi yawancin kantuna a Ostiriya a rufe suke, don haka guzurin Lahadi ran Asabar ake sayensa. Ƙananan abubuwa ne, amma su ke raba wuni mai daɗi da wuni mai wahala.

Tsarin wuninmu bai canza ba. Mu tashi da wuri, in matsa tayoyi da yatsa in ji iska, in ja birki biyu, in duba ƙugiyoyin jaka. Awar farko a hankali, har jiki ya saki. Ci kafin yunwa, sha kafin ƙishi, don mai keke in ya bari ƙarfinsa ya ƙare tsaf, ba ya dawowa da wuri ko ya ci. Mukan yi tsakanin kilomita 50 zuwa 70, mu isa masauki rana na da sauran tsayi, a wanke kayan hawa a shanya, a goge sarƙa. Masu keken lantarki, waɗanda suka cika hanyar yanzu, sukan wuce mu fiu, da yamma kuma mu tarar da su a gari ɗaya. Sannu ba ta hana zuwa.

Bayan birnin Linz akwai wurin da na roƙi Yaya mu tsaya, ko da yake sai an bar bakin kogi an hau tudu mai tsauri. Mauthausen ke nan, sansanin da gwamnatin Nazi ta Jamus ta tsare mutane daga 1938 zuwa 1945. Kimanin mutum 190,000 aka kai can da ƙananan sansanonin da ke ƙarƙashinsa, aƙalla 90,000 suka mutu. Akwai matakala mai hawa 186 da ke fitowa daga ramin fasa dutse, inda ake tilasta wa fursunoni haurowa da manyan duwatsu a bayansu. Sojojin Amurka suka 'yantar da sansanin a watan Mayun 1945. Na tura keke a ƙarshen hawan don ya fi ƙarfin ƙafata da kaya, muka shiga muka daɗe. Da muka gangaro ba wanda ya yi magana har muka yi nisa. Ina ganin duk wanda ya bi hanyar nan ya kamata ya ware wa wurin rabin wuni. Mai mota zai iya wucewa a babban titi bai san da shi ba, amma mai keke ta gindin tudun yake bi.

Daga Grein kwarin yakan matse, ruwa ya ƙara sauri, yankin da a da masu jirgi ke tsoro saboda duwatsu da juyin ruwa. Sai Melk, inda katafaren gidan ibadar rahiban Kirista, mai launin rawaya, ke zaune a kan dutse yana kallon kogi. Ginin da ake gani yanzu na farkon ƙarni na 18 ne. Daga Melk zuwa Krems, wajen kilomita 36, shi ne kwarin Wachau da UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a shekarar 2000. A nan hanyar takan bar gaɓa ta kutsa cikin gonakin inabi da aka yi wa matakala da duwatsu a jikin tudu, ta ratsa ƙauyuka masu ƙananan lunguna. A saman Dürnstein akwai kangon ganuwar da aka tsare Sarkin Ingila Richard na ɗaya a ƙarshen 1192, yana hanyar komawa gida daga Yaƙin Salibiyya.

A Wachau ɗin na shiga wani jirgin fito da ba ya amfani da inji wajen ƙetarawa. An ja wata igiyar ƙarfe daga gaɓa zuwa gaɓa can sama, an ɗaure jirgin da ita. Matuƙin sai ya karkata jikin jirgin ga ruwa, ƙarfin kogin da kansa ya tura shi zuwa ɗaya gefen. Na tsaya a bakin ƙarfe riƙe da keke ina kallon ƙaramar tayar da ke gudu a kan igiyar tana bin mu. Mutane a nan sun yi yawa ƙwarai, lungunan Dürnstein sai an sauka an tura, don haka wanda ya iso da sassafe ya fi morewa.

Bayan Krems ƙasa ta buɗe, kuma gaskiya wannan yankin ba shi da abin kallo sosai. Doguwar hanya ce miƙaƙƙiya a kan ganuwar tare ruwa, ba inuwa. A nan ne iska ta juya mana, ta taso daga gabas, ta ƙi bin abin da aka saba. Iskar gaba ta fi hawa cin rai, don hawa yana da ƙarshe da ake gani. Muka sauke giya, muka jera ɗaya a bayan ɗaya muna karɓa-karɓa, na gaba ya tare wa na baya. A wannan shimfiɗar muka wuce Zwentendorf, tashar nukiliyar da aka gama ginawa amma ba a taɓa kunnawa ba, saboda jama'ar Ostiriya sun ƙi amincewa da ita a ƙuri'ar raba gardama ta 1978. Tana nan tsaye a bakin hanya da doguwar hasumiyarta.

Daga Tulln sai duwatsu suka sake matsowa, gidaje suka fara yawa, masu keke 'yan zuwa aiki suka fara cakuɗuwa da mu masu jakunkuna. Shiga babban birni da keke mai kaya yana buƙatar natsuwa fiye da duk abin da ya gabata: ga layin dogo na taragon cikin gari da ke iya kama taya, ga fitilun hanya, ga masu tafiya a ƙasa. Layin dogon nan a gicciye ake ƙetare shi, ba a bin tsawonsa.

Komawa kuwa tun kafin mu tashi muka shirya ta. Jiragen ƙasa masu dogon zango a Ostiriya suna ɗaukar keke, amma gurbin kaɗan ne, sai an kama wuri tun da wuri, kuma keken yana da tikitinsa daban. A lokacin zafi guraben kan ƙare da sauri. Jiragen yanki sun fi sauƙin shiga, sai dai a yi ta canji. A tashar Vienna muka cire jakunkuna, muka nemi taragon da ke da hoton keke a ƙofa, muka rataye kekunan a ƙugiya ta wilin gaba. Muna zama Yaya ya buɗe taswirar yankin da ke gaba. Bratislava, babban birnin Slovakia, ba ta kai kilomita 70 daga Vienna ba, daga can kuma hanyar ta miƙa Budapest ta Hungary, kuma ya riga ya fara duba wace gaɓa ce ta fi kwalta.